Basasar Kano ta cancanci fim, kuma da sunayen mutanenta na gaskiya

A shekarar 1932 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da fim mai suna Rasputin and the Empress, a kan kwanakin ƙarshe na gidan sarautar Rasha. Labarin da aka ɗauko sananne ne a duniya. Sarki Nikolas na Biyu da matarsa Aleksandra suna da ɗa namiji tilo, Aleksei, wanda aka haifa da ciwon nan da ke hana jini daskarewa, ta yadda ko ɗan bugu ya samu sai fada ta shiga fargabar mutuwa. Wani mutumin ƙauye daga Saiberiya, Girigori Rasputin, da wasu ke yi wa kallon bawan Allah mai karɓaɓɓiyar addu'a, ya sami shiga gidan saboda uwar ta sakankance cewa shi kaɗai ke iya kwantar da ciwon ɗanta. A hankali maganarsa ta fara tasiri har a kan naɗa ministoci da tuɓe su. A Disambar 1916 wasu manyan ƙasa, cikinsu har da Yarima Felikis Yusupov, suka gayyace shi gidan Yusupov da ke Petrograd suka kashe shi. Watanni uku bayan haka sarki ya sauka daga gado, a Yulin 1918 kuma aka harbe shi tare da matarsa da 'ya'yansa a Yekaterinburg. Duk abin da mai shirya fim ke nema yana cikin wannan labari, kuma 'yan'uwa uku na gidan Barrymore, John da Ethel da Lionel, su suka fito a manyan matsayi.

Abin da ya sa har yau ake tunawa da fim ɗin ya faru ne a kotu. Masu shirin sun sauya sunan wanda ya yi kisan suka kira shi Yarima Chegodiyef, suka ba shi wata gimbiya mai suna Natasha, sannan suka nuna kamar Rasputin ya keta mata haddi. Yusupov yana nan da ransa a lokacin, yana gudun hijira, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi ya yi kisan ba, har littafi ya rubuta a kai. Saboda haka duk mai kallo ya san wa ake nufi da Chegodiyef, daga nan kuwa ya san wa ake nufi da Natasha: Gimbiya Irina, matar Yusupov, 'yar ƙanwar Sarki Nikolas, wadda ko ganin Rasputin ba ta taɓa yi ba. Ta kai ƙara a Landan, a 1934 kotu ta yanke cewa a biya ta fam 25,000, aka janye fim ɗin daga kasuwa na tsawon shekaru. Daga wannan shari'a ce al'adar nan ta yaɗu ta rubuta a jikin fim cewa duk mutanen da ke ciki ƙirƙirarru ne. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Gaskiyar da fim ɗin ya faɗa, wato kisan kai, ba ta jawo masa ƙara ba, mijin ma ya tsaya a gaban alƙali ya sake ba da labarin da bakinsa. Ƙaryar da aka ƙara domin armashi ita ta jawo. Sannan sauya suna bai kare kowa ba, bai kare gimbiyar daga kunya ba, bai kare kamfanin daga tara ba.

Masana'antarmu ta Kannywood ta ɗauki darasin da bai dace ba daga irin wannan tsoro. Tun farkon shekarun 1990, daga Gimbiya Fatima zuwa Sangaya da abin da ya biyo baya, ba mu rasa fina-finan gidan sarauta ba. Akwai rawani, akwai dogarai, akwai waziri mai baƙin ciki da yarima mai son baiwa. Abin da babu shi ne ƙasa. Masarautar ba ta da maƙwabta, ba ta da shekara, ba a san wa ya naɗa sarkin ba, ba a san daga ina harajinsa ke fitowa ba. Mai kallo ya tashi bai ƙaru da komai a kan garinsu ba. A lokaci guda kuma matasanmu, a gidajen kallo da kan wayoyinsu, suna bin Ertugrul na Turkiyya kashi bayan kashi, sun haddace sunayen sarakunan Anatoliya na ƙarni na 13. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a yi fim na gaske a kan Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, da sunayen mutanen da suka yi shi da garuruwan da aka yi shi, bisa sharaɗi ɗaya mai tsauri da shari'ar Irina ta koyar: kada a ɗora wa wani mai suna laifi ko abin kunyar da tarihi bai ɗora masa ba.

Ga wanda ya manta, ga yadda abin ya kasance. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, ɗan Ibrahim Dabo, ya hau gado a 1855, ya daɗe yana mulki, ya bar 'ya'ya masu yawa, da dama cikinsu riƙe da sarautu. Da ya rasu aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Bello ya yi ta raba 'ya'yan Abdullahi da muƙamansu yana ɗaga nasa, har ɗansa Tukur ya zama Galadima, sarautar da Yusufu ɗan Abdullahi ya taɓa riƙewa kafin a tuɓe shi tun mahaifinsa na raye. Tukur ya yi suna a wurin Sarkin Musulmi Abdurrahman saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, umarni ya zo daga Sarkin Musulmi cewa Tukur za a naɗa, aka kuwa naɗa shi, alhali mafi yawan 'ya'yan sarki da manyan bayin fada zuciyarsu na wurin Yusufu. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, suka nemi goyon baya daga Haɗeja da Gumel, suka rinƙa cin garuruwan gabas da kudu. Yusufu bai ga ƙarshen abin da ya fara ba, ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka yi wa ƙanensa Aliyu Babba, wato Alu, mubaya'a, wanda mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, kuma ba a rasa lissafin wannan dangantaka a cikin zaɓen ba. A cikin wannan shekara Alu ya shiga Kano, Tukur ya fita zuwa Kamri a ƙasar Katsina, a 1895 kuma ya rasa ransa bayan karon Tafashiya. Shekara 8 kacal bayan haka, a Fabrairun 1903, Turawa suka ci Kano lokacin da Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuma Alu ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926.

Duk wanda ya san aikin rubuta wasa zai ga cewa wannan labari ba ya bukatar a ƙara masa gishiri. Dubi matsayin Waziri Buhari kaɗai: mutum ne da ya san Kano, ya san inda rinjaye yake, amma umarnin ubangidansa na hannunsa, kuma biyayya ga Sarkin Musulmi ita ce igiyar da ta ɗaure daular gaba ɗaya. Dubi manyan bayin sarki, masu riƙe da sarautu irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda a suna bayi ne amma a aikace su ke riƙe da makamai da rumbuna da ƙofar ganin sarki. Dubi daren da Yusufu ya rasu a Garko, rundunar da ta bar gidajenta domin mutum ɗaya ta wayi gari babu shi, dole ta zaɓi wani kafin labari ya kai birni. Dubi yadda gida ɗaya ya rabu, ɗan wa da ɗan ƙane suna fuskantar juna da mashi, ga auratayya ta sarƙe ɓangarorin biyu ta yadda mace ɗaya za ta iya samun miji a nan, ɗan'uwa a can. Masu fim ɗin Amurka sun ƙirƙiro wa Rasputin mugunta ne domin sun ɗauka gaskiya ba za ta ishi mai kallo ba. Namu labarin ya riga ya cika.

Mu mutanen kudancin Jigawa muna da wani dalili na musamman na son a yi wannan aiki, kuma a yi shi da kyau. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ce, kuma a ƙarni na 19 su ne bakin iyakarta ta kudu maso gabas. Takai, inda Yusufawa suka kafa sansani, maƙwabciyarmu ce, duk mai zuwa Kano daga Birnin Kudu ta Kachako da Wudil cikin ƙasarta yake ratsawa. Ba haka kawai Yusufu ya zaɓi Takai ba. Gari ne da aka ƙarfafa tun zamanin mahaifinsa domin tare Ningawa, waɗanda tun bayan da Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajen 1846 ya shiga duwatsun Ningi suka zama ƙaya ga Kano da Bauchi, suna kawo hari kan garuruwan wannan yanki shekara bayan shekara. Wato mayaƙan da suka juya suka ci birni, a wannan iyaka suka koyi yaƙi. Manomin da ke zaune a wannan yanki ya rayu tsakanin wuta biyu, harin da ke saukowa daga dutse da kuma rigimar 'ya'yan sarki da ke neman hatsinsa da dokinsa da ɗansa. Littattafai sun fi ba da labarin daga cikin Gidan Rumfa. Fim na iya tsayawa a ƙofar wani ƙaramin gari mai ganuwa, inda dagaci zai yanke shawarar wa zai buɗe wa ƙofa, ya san cewa idan ya yi kuskure garin ne zai biya. A nan ne marubuci ke da cikakken 'yancin ƙirƙira, domin manomin da matarsa da dagacin ƙagaggu ne, ba kakan kowa ba ne.

Babbar hujjar masu adawa ita ce jikokin waɗannan mutane suna nan, wasunsu ma a kan karaga, kuma fim zai fama tsohon miki. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Duk sarakunan da suka hau gadon Kano tun daga Alu, har da Abbas da Usman da Abdullahi Bayero da zuriyarsu, daga gidan Abdullahi Maje Karofi suka fito, wato ɓangaren da ya yi nasara. Zuriyar Tukurawa ma ba su ƙare ba. Ga kuma abin da idonmu ya gani: raba masarautar Kano a 2019, tuɓe Muhammadu Sanusi na Biyu a Maris 2020, mayar da shi a Mayun 2024, da taƙaddamar da ta biyo baya. Mai hankali zai ce wannan ba lokacin taɓa tarihin rigimar gado ba ne. Amma a lura, labarin Basasa ba sirri ba ne da fim zai tona. Alhaji Abubakar Dokaji ya kawo shi a Kano ta Dabo Cigari da Hausar da kowa ke karantawa. Adamu Mohammed Fika ya yi littafi sukutum a kansa a 1978, ana koyar da shi a jami'o'i, ɗalibai na rubuta jarrabawa a kai. Shekaru sama da 40 ke nan ba a ji wani gida ya ɗauki makami saboda littafin Fika ba. Waɗanda aka hana sanin labarin su ne kawai talakawan da ba sa karanta littattafai, su ne kuma aka fi zuga su yi jifa a duk lokacin da rigimar sarauta ta taso. Matashin da ya ga abin da shekara biyu na yaƙin 'yan'uwa ya yi wa garuruwan Kano, ya kuma ga yadda Turawa suka iske ƙasar bayan haka, zai fi wanda bai sani ba jinkirin ɗaukar dutse.

Hujja ta biyu ta addini ce da tarbiyya. An hore mu da kame baki daga aibata mamata, kuma waɗannan mutane musulmi ne, wasunsu malamai, Alu kansa marubuci ne. Wa ya ba ɗan wasa izinin sa rawaninsu yana magana da bakinsu? Amsata ita ce malamanmu na da ba su ɗauki rubuta kuskuren masu mulki a matsayin giba ba. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya faɗi wanda ya yi adalci da wanda ya tsananta. Abdullahi ɗan Fodiyo, a Tazyinul Waraƙat, bai rufa wa mutanen zamaninsa asiri ba da ya ga sun karkata ga duniya. Abin da shari'a ta hana shi ne ƙazafi da ƙarya, kuma nan ne daidai inda MGM ta faɗi. Saboda haka ƙa'idar a bayyane take. Marubuci zai iya ƙirƙiro maganar da Buhari da Tukur suka yi a soro, domin babu wanda ya rubuta ta, muddin ba ta saɓa wa abin da aka san sun aikata ba. Ba zai iya sa wani mai suna ya ba wani guba ba idan tarihi bai ce haka ba. Ba zai iya ƙulla wa wata matar sarki ko 'yar sarki soyayyar ɓoye ba don fim ya yi kasuwa. Wannan na ƙarshe shi na fi jin tsoro, domin shi ne abin da masana'antarmu ta fi sabawa da shi, kuma a ƙasar Hausa abin da za a rasa a irin wannan ƙarya ya wuce fam 25,000. Idan ana son soyayya da rawa da waƙa, a ba ƙagaggun mutane, a bar masu suna da abin da aka tabbatar.

Akwai wani haɗari da masu adawa ba su cika ambata ba, wanda a ganina ya fi waɗancan girma, wato mai iko ya karɓe fim ɗin ya mai da shi kirarinsa. Rasha ta sake ba da misali. Sergei Eisenstein ya yi fim a kan Sarki Ivan na Huɗu, kashi na farko ya nuna shi gwarzo mai haɗa kan ƙasa, Stalin ya ji daɗi har aka ba shi lambar yabo. Kashi na biyu ya nuna zargi da kashe-kashen da suka cinye fadar, nan take aka hana shi a 1946, bai fito ba sai 1958, bayan mutuwar daraktan da ta Stalin duka. A 2017 ma fim ɗin Matilda, a kan alaƙar Nikolas na Biyu da wata 'yar rawa tun kafin ya yi aure, ya jawo zanga-zanga da barazanar ƙona gidajen sinima, domin Cocin Rasha ta riga ta sa shi cikin tsarkaka tun 2000. A nan gida, fim sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, kuma wanda zai ba da dawaki da fada don ɗauka yana da ra'ayi a kan wa ya kamata ya fito da farar fuska. Jarrabawar fim ɗin Basasa ita ce yadda zai yi da Tukur. Abu mafi sauƙi shi ne a mai da shi azzalumin da aka kora, tunda shi aka ci. Amma Tukur yana da hujja mai ƙarfi: Sarkin Musulmi ne ya naɗa shi, kuma a tsarin da Shehu ya bari wannan naɗi shi ne halasci, waɗanda suka fita Takai kuwa umarnin Sakkwato suka ƙi. Su ma suna da tasu hujjar, an kore su daga muƙamansu, an yi watsi da ra'ayin masu zaɓen sarki da na jama'ar gari. Fim ɗin da zai sa mai kallo ya ji nauyin hujjojin biyu a ƙirjinsa shi ya cancanci a yi. Wanda zai zama waƙar yabon gida ɗaya, gara a bar shi.

Saura maganar kuɗi, wadda ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Gaskiya ne Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, da kuɗin gwamnati aka yi shi, kuma Sarraounia na Med Hondo, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899, sai da aka je Burkina Faso aka ɗauke shi kafin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Amma Amina na 2021, da aka kashe wa kuɗi har ya hau Netflix, ya nuna cewa kuɗi ba ya maye gurbin sani, domin sarauniyar Zazzau da Turanci ta yi mafi yawan maganarta, Bahaushe kuwa bai ga kansa a ciki ba. Shaihu Umar, da makircin fadawan da ke cikin labarinsa, ya fi shi rai, shi ya sa da aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018 ya sake jan hankali. Yawancin Basasa a zaure da soro da sansani ta faru, inda abin da ake bukata shi ne magana mai kyau da 'yan wasan da suka san yadda bafade ke zama da yadda jakadiya ke isar da saƙo. Dawaki da lifidi da sulke suna fitowa kowace Sallah a Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Duwatsun Birnin Kudu, masu zanen mutanen da da kogunansu, da dazukan da ke gangarawa Gwaram, sun ishi kowane mai ɗaukar hoto.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne bincike, kuma shi ne ba ya jira. Wasiƙun zamanin da rahotannin farkon mulkin Turawa suna ajiye a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ba za su gudu ba. Amma abin da dattawan Takai da Garko da Birnin Kudu da Gwaram suka ji daga kakanninsu, wane gari ya buɗe ƙofa, wane ya rufe, ina aka ɓoye mata da yara, me aka ci a shekarar da ba a yi noma ba, wannan yana tafiya tare da masu shi duk shekara. Masana tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suna da ɗaliban da 'yan waɗannan garuruwa ne, masu iya durƙusawa gaban tsoho su ce Baba a ba mu labari, a kuma ba su. Ya kamata a tura su da na'urar ɗaukar magana tun kafin wani furodusa ya rubuta shafin farko, sannan a zaunar da marubucin fim ɗin da masanin tarihi da wakilan gidajen biyu a kan tabarma ɗaya, a karanta musu rubutun, su nuna inda aka yi ƙarya, ba tare da an ba su ikon goge inda aka faɗi gaskiya ba.